Bijimin da Na Hana Kwanciya

Laifin nawa ne, ba na yayana ba. Shekara goma sha ɗaya mutanen garinmu suna cewa ƙullinsa ne ya kwance ranar jajiberen Ƙaramar Sallah, har sa ya kashe makaɗi, ya kuma farke wa yayan nawa cinya, ni kuwa ina ji ina gani ban buɗe baki ba. Ni na jawo mutuwar makaɗin nan, ni na gurgunta ɗan'uwana, kuma ni na bar shi ya ɗauki kunyar. Karatuna bai yi nisa ba, 'yan izu ne da ɗan rubutun ajami, amma ya isa in ajiye maganar yadda ta faru.

Mu mahauta ne tun kakanni, a wani gari mai ganuwa tsakanin Bakori da Tsiga. Sarkin Pawa ƙanen mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan mahaifinmu ya rasu, ni da yayana da ya girme ni da shekara biyar. Baba muke ce masa.

Duk shekara ranar jajibere, bayan la'asar, akan fito da bijimin da za a yanka wa gari, a kai shi filin kasuwa a yi hawan ƙaho. Igiya biyu ake sa masa, ɗaya a ƙaho, ɗaya a ƙafar baya. Masu kalangu su yi ta zuga, sai mai hawa ya fito daga shi sai warki da layu, ya tsokani san. In ya sunkuyo zai soka, mai hawa ya faɗa tsakanin ƙahonin, ya rungume wuya, ya maƙale har san ya gaji ya durƙusa. Jama'a mai hawa suke kallo, amma ransa yana hannun mai igiyar ƙafa. In sa ya nufi ya murje mutum da ƙasa, ko ya yi kan 'yan kallo, mai igiyar ƙafa ne zai fizge ya karya masa gudu. A gidanmu ni ke hawa, yayana ke riƙe ƙafa. Yana da wani ƙulli da ya koya wurin mahaifinmu, sama kaɗan da kofato, wanda in sa ya ja sai ya ƙara matsewa. Har daga wasu garuruwa akan zo a roƙe shi ya je ya ɗaure musu.

Shekarar da ta gabaci wadda nake magana, wani jan sa ya yi jifa da ni a gaban kowa. Yayana ya fizge shi kafin ya taka ni, ko ƙwarzane ban samu ba. Amma na tashi warkina a jiƙe, kuma ba gumi ba ne. Matan da ke guɗa suka koma dariya. Tun daga ranar tsoro ya shige ni, na kuwa ɓoye shi ga kowa.

Da azumin shekarar da abin ya faru ya kai ashirin da biyar, Baba ya tafi da mu wata ruga ta wajen Dayi. Ya zaɓi wani farin bijimi mai baƙin kunne, tozonsa ya karkace don ƙiba, ƙahoninsa in na miƙa hannuwana biyu da kyar in taɓa bakinsu. Bafulatanin da ke da shi ya tambayi wanda zai hau. Baba ya nuna ni.

Bafulatanin ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, “Wannan siririn? To ku fara haƙa masa rami tun yau, kada aiki ya haɗe muku da Sallah.”

Baba ya yi dariya ya ce, “Kai dai kawo igiya. Wanda ke gudun wuƙa ba ya koya wa mahauci sa.”

Bafulatanin ya shafa wuyan bijimin ya ce, “Wasa nake. Ba shi da mugunta. In ya ƙoshi ya kwanta ya yi tuƙa, ko tsohuwa sai ta ja shi. Hancinsa kawai ba ya so a taɓa.”

Ni wannan bai shiga kaina ba. Ƙahonin nake kallo.

Al'adarmu ita ce mai hawa shi ke tsaron sa kwanakin da suka rage kafin jajibere. Akan kai shi wani kango bayan mayanka, inda akwai tsohuwar tsamiya, a toshe ƙofa da zana. Ba mai shiga sai mai hawa, don ana cewa a nan yake haɗa asirinsa da san. Ko Sarkin Pawa ba ya leƙawa. Gaskiyar abin da ake yi a ciki ba wani abu ba ne: ka ba shi harawa, ka ba shi ruwa, ka zauna kusa da shi ya saba da warinka, ka turara masa maganin da aka ba ka.

Ni wata dabara ta zo mini. Da daminar shekarar an yi jita-jitar mahara daga arewa, aka sa samarin gari tsaron ganuwa, na yi kwana uku ban runtsa ba. Na tuna yadda mashi ya yi mini nauyi. Na ce a raina, in rashin barci ya yi wa mutum haka, zai yi wa sa. Raunin na tuna, na manta sauran. Na manta yadda kaina ya riƙa sara, yadda na yi haɓo a rana ta uku, yadda na shaƙe wani abokina don ya riga ni ɗaukar gorar ruwa.

Sa ba ya samun barcin kirki sai ya kwanta. Sai na jefa igiya a reshen tsamiyar, na ɗaure ƙahoninsa gajere yadda kansa ba zai sauka ƙasa da ƙirjina ba. Na saro farar ƙaya na tara a ƙarƙashin cikinsa. Abinci da ruwa ban hana shi ba, na riƙa ɗaga masa su a ƙwarya, don in ya rame Baba zai gane. Da na ga yana iya yin gyangyaɗi a tsaye, sai na samo sanda. Duk sanda idonsa ya lumshe, in maka masa a hanci, wurin da aka ce ba ya so. In sandar ta daina tashinsa, in ɗauko bakin wuta in ɗosana masa a gindin wutsiya. Ni nakan saci ɗan barci tsakanin azahar da la'asar, bayan na rataya masa tsohon ƙarfe a wuya wanda ke bugun ƙashin ƙirjinsa in ya saki jiki. Duk wannan da azumi a bakina nake yi. Nakan yi alwala da hannun da na riƙe wutar.

Ranar farko ya yi ta kuka, ana ji har kasuwa. Da na fito shan ruwa mutane suka riƙa ce mini, “Bana dai asirin da zafi.” Na riƙa murmushi.

Rana ta biyu ya daina tuƙa. Ya ci harawar, amma bai dawo da ita ya tauna ba. Idanunsa suka kaɗa.

Rana ta uku jijiyoyi suka fito masa a fuska, daga gefen ido zuwa hanci, suka yi ruɗu-ruɗu. Ta wuyansa ta tashi kamar igiyar guga. Na sa tafin hannu a kanta na ji tana bugawa da ƙarfi da sauri, har hannuna yana motsi. Tun ina yaro nake taɓa wuyan shanu ina neman inda wuƙa za ta bi, ban taɓa jin irin wannan bugun ba. Kunnuwansa da gindin ƙahoninsa suka yi zafi kamar an sauke su daga wuta. A daren nan ne ya haƙura da ƙayar. Ya saki ƙafafunsa na baya ya zauna a kanta, ƙaya tana shiga cikinsa, kansa yana rataye a igiya, idonsa yana rufewa. Ya gwammace ƙayar da tsayuwa. Na tsaya ina kallonsa, na ji wani abu ya taɓa ni. Sannan na tuna dariyar matan nan, na ɗauko wutar.

Rana ta huɗu ya yi shiru. Jini ya fara ɗiga daga hancinsa na hagu, ɗigo-ɗigo, ba daga inda na dake shi ba, daga can ciki. Farin idonsa ɗaya ya zama jini gaba ɗaya. Ƙafafunsa huɗu suka kumbura daga gwiwa zuwa kofato. Yana tsaye yana rawar jiki, numfashi yana fita guntu-guntu. Na yi murna. Na ce na gama da shi.

Da safiyar jajibere na kwashe ƙayar na ƙone, na sassauta igiyar amma ban bar shi ya kwanta ba, na wanke masa hanci, na shafa toka da laka a ƙunan da ke ƙarƙashin wutsiya. Bayan azahar yayana ya shigo da igiyarsa ta fata a kafaɗa, don shi kaɗai ke da iznin shiga a wannan lokaci. Ya zagaya san sau biyu. Sannan ya tsuguna a bayansa.

Ya ce, “Me ka yi wa san nan?”

Na ce, “Abin da ake yi.”

“Ƙafarsa ta kumbura. Zo ka gani. Na danna yatsa, ramin bai tashi ba.”

“Tafiyar da ya sha daga ruga ce.”

“Tafiyar kwana huɗu da suka wuce? Idonsa fa?”

“Ya buga da tsamiya. Yaya, in tsoro kake ji ka ba wani igiyar.”

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, “Wanda ya jiƙa warki bara shi ke ce mini tsoro? To Allah ya ba mu lafiya.” Ya ɗaura ƙullinsa, ya ja ya gwada, ya ƙara zagaye ɗaya saboda kumburin. Da ya miƙe ya dafa kafaɗata, dariyar ta tafi. Ya ce, “In akwai abin da ya kamata in sani, faɗa mini yanzu. Ni ne a bayansa, ba layunka ba.”

Na ce, “Babu.”

Bayan la'asar aka fito da san. Yana tafiya a hankali, kai a ƙasa, mutane suka fara cewa bana an sayo rago. Na hangi Baba ya ɗaure fuska yana kallon yadda yake ɗaga ƙafa. Makaɗinmu wani dattijo ne, shi ya yi wa mahaifinmu kiɗa, kuma yana da ɗabi'ar matsowa kusa da sa fiye da sauran, yana cewa daga nesa mai hawa ba ya jin takensa. Ya matso ya fara takena. Na fito ina tsalle ina kirari, zuciyata wasai, don na ɗauka gawa zan hau. Na je gaban san na mare shi a hanci.

Sa mai lafiya yakan ja baya, ya tona ƙasa, ya sunkuya, ya ba ka lokacin da za ka auna shi. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin sa ba, siririya kamar ta mutum, ya taso gaba ɗaya. Ban san yadda na faɗa tsakanin ƙahonin ba. Na rungume wuyan, na ji jijiyar nan tana dukan ƙirjina, zafin jikinsa yana ƙona ni, jinin hancinsa yana zuba a bayana. Bai yi ƙoƙarin yar da ni ba ma. Kamar bai san ina nan ba. Harbi ya riƙa yi da ƙafar da aka ɗaure, yana yi yana ƙarawa.

Yayana ya fizga, da mutum uku a bayansa suna taya shi. Ƙullin ya matse kamar yadda ya saba. Amma abin da ya matse ba ƙashi da jijiya ba ne, kumburi ne. Igiyar ta nutse cikin naman, ta matse ruwan ya gudu, fatar ta yage ta zagaye, madaukin ya sulɓe ta kan kofato da fatar a jikinsa. Su huɗun suka zube ta baya. Masu igiyar ƙaho ya ja su a ƙasa taku goma, suka saki. Ni kuwa da ya girgiza kai sau ɗaya sai na tsinci kaina a kan rumfar masu gishiri.

Makaɗin ne mafi kusa. Bai ko juya ba, kalangun yana hammatarsa. Ƙahon ya shiga ta ƙarƙashin haƙarƙarinsa, san ya ɗaga shi sama ya yi tafiya da shi, ƙafafunsa suna reto, sannan ya yar da shi ya taka. Filin ya watse, manya suna tattake yara. San ya juya ya nufi inda mata suka cunkushe a bakin rijiya. Yayana ya tashi hannu wofi ya bi shi, ya cafke wutsiyar ya murɗe. A nan ƙunan da na yi masa suke. San ya juyo kamar an watsa masa wuta, ya sa ƙaho ya farke cinyar yayana daga gwiwa har kusa da mara. Na ga farin ƙashi kafin jini ya rufe shi.

Baba ne ya gama abin. Ya fizgi gatari a hannun wani, ya zagaya ta baya ya sare jijiyar ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. San ya zauna, ya ja jiki da ƙafafun gaba, sannan ya kife a gefe. Ya miƙe wuya a ƙasa ya lumshe ido. Kwanciyarsa ta farko ke nan cikin kwana huɗu. Baba ya ce a juya shi gabas maza kada ya mutu mushe, ya yi bisimilla ya sa wuƙa.

Jinin bai zuba ba, harbawa ya yi. Ya tsallake kan wanda ke danne da ƙahon, ya bugi jinkar wata rumfa da ke nesa da mu taku shida, ya riƙa fita da tsalle-tsalle. Baba ya ja baya, gemunsa da rawaninsa jajir. Ya ce shekara talatin yana yanka, bai taɓa ganin jinin sa ya yi haka ba.

Ana ta kan makaɗi da yayana, ni na sauko daga rumfar na tsinci igiyar ƙafa a ƙasa. Madaukin yana nan a ɗaure, ƙullin ya matse tamau kamar dutse, da zoben fata da farin gashi a cikinsa. Duk wanda ya ga wannan zai san ƙulli bai kwance ba, zai tambayi abin da ya sami ƙafar. Na shiga bayan wata rumfa na sa haƙori da tsinin wuƙa na kwance shi, na cire fatar na tura cikin ƙasa. Sannan na kawo wa Baba igiyar a miƙe. Wannan ba tsoro ba ne da ya zo mini farat ɗaya. Na ɗau lokaci ina yi, ƙullin ya yi mini gardama, ina jin ihun yayana ana ƙona masa raunin da ƙarfe don jini ya tsaya, ban fasa ba.

Da magariba aka feɗe san. Ni na yi wuf na yanke gindin wutsiyar na jefa wa karnuka. Hujin ƙaya kuwa aka ɗauka shingen kasuwa ne ya yi masa. Amma cikin ba ya ɓoyuwa. Naman ya yi baƙi-baƙi, da ɗige-ɗigen jini a ko'ina kamar an watsa masa jar dawa, alamar ƙananan jijiyoyi sun farfashe a ciki. Ƙodojin ma haka. Zuciyar ta yi girma ta yi tauri, da zane-zanen jini a bayanta. Babbar jijiyar da ke fita daga cikinta, wadda a sa mai lafiya takan miƙe ta koma in ka ja ta, wannan ta sandare. Da aka fasa kan aka tarar da gudan jini a kwance kan ƙwaƙwalwa.

Baba ya juya zuciyar a hannunsa ya ce, “San nan jininsa ya hau masa kai tun kafin a fito da shi.” Ya dube ni. “Ya ci?”

Na ce ya ci.

“Ya sha?”

“Ya sha, Baba.”

“Ya kwanta?”

Na ce, “Ya kwanta.” Na kuma rantse ba tare da an nemi in rantse ba.

Aka binne makaɗin da safiyar Sallah kafin a tafi idi. Naman kuwa rabinsa bai sayu ba, wanda aka shanya don kilishi ya yi wari kafin ya bushe.

Yayana ya yi wata guda yana zazzaɓi, ba a san zai tashi ba. Ya tashi, amma ƙafar ta shanye. Ranar da hankalinsa ya dawo aka gaya masa abin da gari ke faɗi. Ya ce, “Ƙullina bai taɓa kwancewa ba.” Baba ya sa aka ɗauko igiyar aka ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya bi ta da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya ajiye, ya juya fuska bango. Bai ƙara ta da maganar ba.

Baba ya hana shi taɓa igiya har abada. Ba ya iya kayar da sa, ba ya iya tsayuwar fiɗa, sai ya koma wankin kayan ciki a gefen mayanka, aikin da ake ba wanda bai iya komai ba. Dangin makaɗin suka daina yi wa gidanmu kiɗa. Duk Sallah yayana yakan ɗauki cinyar nama ya dogara sanda ya kai musu, ya zauna a ƙofar gida. Shekara uku suna mayar masa da ita kafin su fara karɓa. A gari kuwa abin ya zama abin ba'a. In mazagin wandon wani ya kwance, ko jaki ya tsinke, sai a ce, “Ƙullin gidan Sarkin Pawa ke nan.”

Wata ranar kasuwa wani mai sayar da tukwane ya faɗi haka yayana yana wucewa. Ina riƙe da ƙashin ƙafar sa. Na tsallake tiren nama na maka masa a baki, haƙora uku suka zube. Na hau ruwan cikinsa na ci gaba da duka har sai da mutum huɗu suka ɗaga ni. Aka kai ni gaban alƙali aka yi mini bulala, amma gari ya yaba, ana cewa ga ƙane mai kishin ɗan'uwansa. Da yamma yayana ya zo da man shanu ya shafa mini a baya. Ya ce, “Na gode, amma kada ka ƙara. Gaskiya ya faɗa.” Na kwanta rub da ciki ina jin hannunsa a kan raunukan.

Ni aka riƙa yi wa kirarin wanda ya maƙale wa mahaukacin sa. Na ƙara hawa shekara bakwai, ban sake hana wata dabba kwanciya ba, kuma ko sau ɗaya ba a yar da ni ba. Da ma ba na bukatar dabarar. Sai dai barci ya ƙaurace mini. Jijiya ta fito mini a gefen goshi tana bugawa, kaina yana sara, ina yawan haɓo. Wanzami ya yi ta kafa mini ƙaho a ƙeya yana zuƙe jinin, yana cewa jinina ya cika fushi. In ya zuƙe in samu sauƙin kwana biyu, sannan ya dawo.

A shekara ta tara wasu makiyaya suka iso ƙofar garinmu a guje, sun koro shanunsu daga arewa dare da rana don tsoron hari. Shanu biyu suka zube a bakin ganuwa suna haɓo, aka kira mu muka yanka. Jinin ya yi tsalle. Da muka feɗe, ga baƙin naman, ga ɗige-ɗigen, ga zuciya ta kumbura. Lokacin idon Baba ya yi rauni, da hannu yake gane nama. Ya ce a miƙo masa zuciyar. Ya matsa ta, ya ja babbar jijiyar, sannan ya tambayi makiyayin kwana nawa suka yi a hanya.

Makiyayin ya ce, “Uku. Ko sau ɗaya ba mu bar su sun kwanta ba.”

Baba ya daɗe yana riƙe da ita. Ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, “Na taɓa riƙe irin wannan zuciyar sau ɗaya.”

Na ce, “Ban tuna ba, Baba.”

Ya ce, “To.” Ya miƙa mini ita. Daga ranar bai ƙara cin abinci a ƙwarya ɗaya da ni ba, amma bai gaya wa kowa dalili ba. Ina jin jira yake in faɗa da bakina. Na bar shi ya yi ta jira har ya rasu bayan shekara biyu.

Bayan sadakar bakwai dattawan mahauta suka zauna don fitar da wanda za a kai wa mai gari ya naɗa. Bisa haihuwa sarautar ta yayana ce, kuma ba wanda ya kai shi sanin dabba. Suka ce mutumin da ƙullinsa ya kashe rai ba zai shugabanci masu igiya ba. Suka ce ni. Na yi ta kame-kame, na ce ba ni da lafiya. Yayana ya zo har ɗakina da sandarsa, ya zauna a bakin ƙofa don ƙafar ba ta lanƙwasuwa.

Ya ce, “Ka karɓa. In ka ƙi, sarautar ta bar gidanmu, kuma za a ce ni na jawo. Wanda na jawo ya isa.” Ya ciro wuƙar Baba daga cikin riga, ya wasa ta har tana aske gashi, ya ajiye a gabana. “Ni zan riƙe maka wajen kayan ciki. Ba za ka ji kunya ta wajena ba.”

Washegari da hantsi aka taru a mayanka don a raka ni gidan mai gari. Mahauta duk suna nan, da masu kalangu, cikinsu har da ɗan makaɗin da san ya kashe, wanda ya gaji kiɗan. Yayana yana zaune can gefe a kan turmi, inda ya saba zama. Babban dattijonmu ya ce a yi fatiha a tashi. Na ce a dakata, ina da magana.

Na faɗi duka. Na faɗi tsamiya da ƙaya da sanda da wuta. Na faɗi tambayar da yayana ya yi mini a kango da amsar da na ba shi. Na faɗi yadda na tsinci madaukin a ɗaure, da inda na tsuguna na kwance shi. Ban kai ƙarshe ba ɗan makaɗin ya taso ya buga mini kalangu a fuska, girata ta fashe, aka rirriƙe shi. Na ce a sake shi, yana da haƙƙi, kuma in na gama nan zan bi shi gida da gaban alƙali, abin da shari'a ta yanke a kaina na ɗauka. Na ajiye wuƙar Baba a gaban dattawa.

Sannan na taka zuwa inda yayana yake. Bai motsa ba, hannuwansa biyu suna kan sandar, yana kallon ƙasa. Na cire hula na durƙusa a cikin jini da ƙazantar mayanka, na kama ƙafar da ta shanye.

Na ce, “Yaya, ƙullinka bai kwance ba, ni na kwance shi. Ka tambaye ni na yi maka ƙarya. Na ci ƙafarka, na ci sunanka, na bar ka kana kai nama ƙofar mutane kana ba da haƙuri kan laifina, yau kuma saura kaɗan in ci gadonka. Ba ni da abin da zan mayar maka da ko ɗaya. Ban ce ka yafe yau ba, in ma ba ka yafe ba har abada ba ka zalunce ni ba. Na cuce ka, Yaya. Don Allah ka yafe mini.”